Yadda Muka Rarrabe Kalmomin Turanci Masu Nufin “Ɗaya Ne” a Ajinmu na Yamma

Ina koyar da Turanci a wani ajin yamma na manya a Kano. Akwai 'yan kasuwa a cikin ɗalibaina, akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma, da ma'aikaciyar jinya, da wani mai shagon buga takardu a bakin kotu, sai 'yan samari da 'yan mata ƙalilan da ke shirin sake zana jarrabawar JAMB. Bayan la'asar muke zama, mu tashi gab da magariba. A duk darussan da muka yi, babu wanda ya ci mana lokaci kamar na kalmomi shida: same, similar, identical, equal, equivalent da alike.

Ƙamus ba ya raba wannan gardama. Ka duba identical, ya ce maka exactly the same. Ka duba alike, ya ce similar. Ka duba equivalent, ya ce equal in value. Kowace sai ta tura ka wajen 'yar'uwarta, har ka dawo inda ka taso. Daga ƙarshe ɗalibi ya gaji, ya rubuta “ɗaya ne” a gaban dukkansu shida ya rufe littafi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya hana ni barin maganar haka nan shi ne sanin su wa nake koyarwa. Mutane ne da ke sa hannu a takardun rantsuwa, suna aika saƙon odar kaya, suna cike fom ɗin neman aiki. A irin waɗannan takardu, kalma guda tana iya jawo wa mutum asarar kuɗi ko ta mayar da shi layin da ya baro.

Sai na kafa musu sharaɗi. Na ce kowa ya ajiye ƙamus a gida, ya zo da takarda ta gaske daga wurin aikinsa wadda ɗaya daga cikin kalmomin nan ta fito a ciki. Ban da jimlar da mutum ya ƙirƙira da kansa. Ni ma na yi alkawarin kawo nawa.

Takardun suka zo: fom, rasit, kwalin magani, tallar neman ma'aikata da aka yanko daga jarida, tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Muka haɗa tebura biyu muka baje su. Kowa ya ja layi a ƙarƙashin kalmarsa, sannan na ce kafin a yi maganar ma'ana a fara amsa mini tambaya guda: a jimlar nan, abu nawa ake magana a kai, ɗaya ko biyu?

Mai shagon buga takardu ne ya fara. Ya zo da samfurin afidabit ɗin da ya ce babu ranar da ba ya bugawa, wato na gyaran suna. Kowa a ajin ya san zancen. Sunanka a lambar NIN an rubuta Muhammad, a satifiket ɗin WAEC Mohammed, a BVN kuma an sa sunan mahaifi a gaba. Tun da JAMB ta wajabta NIN ga masu rajista a 2021, yaran da ke cikinmu ma sun san wahalar harafi guda. Sai mutum ya je gaban kwamishinan rantsuwa a kotu ya rantse cewa waɗannan sunaye duk nasa ne. Ya karanta mana ƙarshen jimlar a hankali: “one and the same person.”

Na ce, “Mutum nawa ne a nan?”

Suka ce, “Ɗaya.”

“Suna nawa?”

“Biyu, ko uku.”

Na ce to a cire same a sa similar, a sake karantawa. Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce, “Malam, ai in na buga haka na kashe mutum. Ya zo ya rantse shi kaɗai ne, ni kuma na sa ya rantse su biyu ne masu kama da juna.” Ban ƙara komai a kai ba, don ya gama bayanin. Asalin aikin same ke nan: abu ɗaya ne tak, an hango shi ta hanya biyu, ko a lokaci biyu, ko da suna biyu. Shi ne dai wanda ka sani. Idan muka ce wane da wane uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba iyaye masu kama da juna muke nufi ba, kuma same mother, same father haka take nufi.

Amma same tana da fuska ta biyu, kuma wata Hajiya ce ta tono ta. Ta ce, “Malam, to in ƙawayen amarya sun yi anko fa? Ai cewa ake they wore the same dress, alhali kowacce da rigarta a jikinta.” Gaskiya ta faɗa. A nan riguna goma ne, ba guda ba, zubinsu ne ɗaya. Turanci ya bar kalma guda tana ɗaukar kaya biyu, sai mai sauraro ya gane wanne ake nufi daga yanayin zancen. Hausa kuwa ta raba su sarai da kalmar “iri”. Mota ɗaya muka shigo daban, mota iri ɗaya muka saya daban. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ɗalibi Bahaushe yakan shigo aji da tunanin harshensa ne ya gaza, alhali a wannan gaɓar shi ne ke riƙe da ma'aunin da ya fi kaifi. Daga ranar, duk inda muka ci karo da same sai mu gwada: “ɗaya” za ta zauna a gurbin, ko sai an ƙara “iri”?

Da muka ware duk jimlolin da abu ɗaya ne a cikinsu, ragowar suka zama masu abu biyu ko fiye. A kansu muka yi tambaya ta biyu: akwai bambanci tsakaninsu ko babu?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya ce a bar masa wannan. A zama na gaba ya zo da yaronsa ɗauke da leda, ya fito da turmi huɗu ya shimfiɗa a kan benci. Biyun farko daga dila guda suka fito: zane guda, launi guda, har lambar da ke bakin atamfar guda. Na uku zanensa irin nasu ne sak, sai dai inda suke da shuɗi shi yana da ruwan goro. Na huɗu kuwa, daga inda nake tsaye ban ga abin da ya raba shi da na farko ba. Alhaji ya kira ni kusa, ya juya gefen biyun ya haɗa bayansu. Bayan na farko launinsa ya kama kamar gabansa, bayan na huɗu kuwa fari-fari ne, rinin bai ratsa ba. Ya murza kowanne tsakanin yatsunsa ya ce in saurara, sannan ya ce in taɓa. Ɗaya yana da nauyi a hannu, ɗayan shara-shara.

Ya ce, “Malam, ka sa musu suna.”

Biyun farko identical ne. Abu biyu ne, amma ko ka musanya su mai kayan ba zai gane ba. Na uku similar ne ga na farko, kowa na ganin inda suka haɗu da inda suka rabu. Na huɗu ne ya tayar da muhawara. Wasu suka ce identical, tunda daga nesa ba a rabewa. Alhaji ya girgiza kai ya ce in ya sayar da shi a matsayin na farko ya ci amana, kuma farashinsu ko kusa bai zo ɗaya ba. Muka tsaya a kan cewa they look identical za a ce, wato a ido ne kawai, amma a haƙiƙa similar ne. Ƙaramar kalmar look ita ce ta tsare gaskiyar jimlar.

Abin da na fi so su riƙe game da similar shi ne tana ɗauke da bambanci a cikinta. Duk wanda ya ce maka abu biyu similar ne, ya riga ya shaida maka ba ɗaya ba ne, kuma kana da damar tambayarsa ta ina suka saɓa. Mai saye da ya tura samfuri aka amsa masa da “we have a similar one” ya kamata ya nemi hoto kafin ya tura kuɗi. Doka ma ta san wannan rabuwa. Na kawo musu abin da dokar kamfanoni ta 2020, wadda hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke aiki da ita, ta ce game da sunan da ba za a yi wa rajista ba. Ta ambaci sunan da yake identical da na wani kamfani da ke akwai, sannan ta ƙara da wanda ya yi kama da shi sosai har zai iya ruɗar da jama'a. Da kalma guda ta wadatar, da masu rubuta dokar ba su ɓata tawada a kan ta biyu ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta kawo zancen tagwaye. Identical twins su ne waɗanda ƙwai ɗaya ya rabu biyu ya zama su, irin waɗanda muke cewa kamar an tsaga kara. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa fraternal ake ce musu, kuma kamanninsu bai wuce na sauran 'yan'uwa ba, har ɗaya na iya zama namiji ɗaya mace. Sai ta ƙara wani abu da ya ba ajin mamaki: ko tagwayen farkon ma zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa na'urar banki ke raba Hassan da Husaini. Ke nan identical ma tana da iyaka, tana nufin babu bambanci a abin da ake dubawa. Na nuna musu cewa tushenta guda ne da identity da ke jikin katin shaida, dukkansu daga kalmar Latin idem, wadda ke nufin “shi ɗin dai”. Saboda wannan tushe, a tsohon Turancin takardu za ka iya ganin identical da ma'anar abu ɗaya tak, amma a maganar yau da kullum abu biyu take nufi.

Equal ta zo da tambayarta daban: me ake aunawa? Mudun gero da mudun wake ba su yi kama ta ko'ina ba, launi, ɗanɗano, farashi duk daban, amma a awo equal ne. Kalmar ba ruwanta da siffa. Tana buƙatar ma'auni, ko adadi, ko nauyi, ko tsawo, ko haƙƙi, kuma in ba a faɗi ma'aunin ba jimlar ta zama gurguwa. “Daidai” ce ta fi kusa da ita a wurinmu, kamar yadda muke cewa an raba daidai wa daida. Na ba su labarin alamar nan ta lissafi mai layi biyu a kwance. Wani masanin lissafi mutumin Wales, Robert Recorde, shi ya fara amfani da ita a 1557, kuma dalilinsa shi ne babu abu biyu da suka kai layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa daidaito. Yaran JAMB suka rubuta wannan da sauri.

Daga nan muka shiga abin da ya fi zafi. Na karanta musu sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce a tabbatar da “equal pay for equal work” ba tare da nuna bambanci saboda jinsi ko wani dalili ba. Wani dattijo ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, a nan fa ban yarda ba. Yaya za a ce mutane ɗaya ne? Allah bai halicce mu ɗaya ba. Ko 'ya'yan ciki guda kowa da halinsa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, duba jimlar. Ta ce same?”

Ya gyara tabarau ya duba. “A'a.”

“Ta ce identical?”

“A'a, equal ta ce.”

“To mene ne aka ɗora a kan ma'auni?”

Ma'aikaciyar jinyar ce ta amsa masa. Ta ce, “Baba, albashi da aiki. Ni da abokin aikina namiji matakinmu ɗaya, aikin dare ɗaya muke yi. Ba a ce ni da shi mun zama mutum guda ba, cewa aka yi kada a rage mini kuɗi don ni mace ce.” Dattijon ya yi jim, ya ce in dai haka ne babu gardama. Ina ganin da yawa daga cikin musun da ake tafkawa a rediyo da Facebook kan batun daidaito daga nan yake tasowa. Wani ya ji equal ya fassara wa kansa “ɗaya ne”, sai ya shiga ƙaryata abin da ba a faɗa ba. Mai fassara da ya yi sakaci da wannan kalma yana iya haɗa mutane faɗa a kan abin da da an faɗa musu daidai sun yarda da shi.

Equivalent ce ta fi ba mu aiki, kuma ita ce ta fi yawa a takardun da suka kawo. Kusan duk tallar neman ma'aikata tana da ita: digiri kaza “or its equivalent”. Rabin farko na kalmar tushensa guda da equal, rabin ƙarshe kuma daga kalmar Latin valere, wadda ke nufin yin daraja ko ƙarfi. Ke nan abubuwa biyu ne mabambanta a iri, amma an yarda ɗaya ya tsaya a gurbin ɗaya. Muka jera kalmominmu a allo: makwafi, madadi, kwatankwaci. Kowacce ta kama wani gefe.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalinsu daga kundin tsarin mulki ya fito. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya yi karatu aƙalla zuwa matakin “School Certificate level or its equivalent”, sashe na 177 kuma ya faɗi haka game da gwamna. Na tambaye su mene ne makwafin satifiket ɗin sakandare. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, babu biyu da suka dace. Sai na buɗe musu sashe na 318, inda kundin da kansa ya zauna ya lissafa abin da yake nufi. A ciki akwai takardar malanta ta Grade II, da ta koyon sana'a ta City and Guilds. Akwai kuma takardar kammala firamare, in har mutum ya haɗa ta da aikin aƙalla shekara 10 a gwamnati ko kamfani, da halartar kwasa-kwasai, da iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe ta INEC za ta gamsu. Mai shagon buga takardu ya ce, “Ashe dai sai an samu mai cewa ya yi.” Nan ne zuciyar kalmar. Equal ma'auni ne ke tabbatar da ita, kowa na iya aunawa ya gani. Equivalent kuwa galibi sai da wata hukuma, ko doka, ko yarjejeniyar da ta ce wannan ya isa ya maye gurbin wancan. Shi ya sa na shawarci masu neman aiki a cikinsu, in sun ga “or its equivalent”, su bincika wane ne mai yanke hukuncin da abin da ya amince da shi, kada su yanke wa kansu.

Alhaji ya kawo nasa daga kasuwa. Yana da abokan ciniki daga Maraɗi, su da mita suke awo, da sefa suke lissafi. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, don haka turmi mai yadi 6 ya kusa mita biyar da rabi, kuma wannan ba ya canzawa ko shekara nawa za a yi. Amma in ya rubuta wa abokin ciniki cewa a biya shi the naira equivalent na sefa kaza, adadin na iya zama wani abu da safe, ya zama wani da yamma. Muka yarda cewa duk inda kalmar ta shafi kuɗin ƙasashe biyu, a rubuta rana da farashin canjin da aka yi amfani da shi.

Sai ma'aikaciyar jinyar ta ɗora kwali biyu a tebur, ɗaya na Panadol, ɗaya na farasitamol na wani kamfani daban, kowanne miligiram 500. Ta ɓare ƙwaya guda daga kowanne ta ajiye a tafin hannunta. Siffarsu ta saɓa, rubutun da ke jikinsu ma haka. Na ce wa zai iya bayyana su da Turanci. Wata yarinya daga cikin masu shirin JAMB, wadda ba ta cika magana ba, ta tashi ta ce sinadarin da ke ciki the same ne, yawansa equal ne, ƙwayoyin ba identical ba ne, amma ɗaya equivalent ce ga ɗayar. Kalma huɗu a numfashi guda, kowacce a mazauninta. Ajin ya tafa mata, ni ma na tafa.

Bayan ma'ana ta zauna, muka koma kan abokan tafiyar kowace kalma, don a nan ne mai jarrabawa ke kama mutum. Same galibi ba ta fita sai da the a gabanta, kuma as ke biyo ta. “Same with” da muke yawan ji a bakin mutane a Nijeriya kowa na gane ta a hira, amma a takardar jarrabawa the same as ake so. Similar, equal da equivalent duk to suke ɗauka. Identical takan ɗauki to, takan ɗauki with. Alike tana da nata hali: ba ta zama a gaban suna. Ana cewa the two houses are alike, ba a cewa alike houses, sai dai similar houses. Akwai kuma batun ƙari da ragi. Kama tana da mataki, don haka very similar daidai ne. Identical kuwa ƙarshen hanya ce, ba a ce mata very, sai almost ko nearly in an kusa kaiwa. Same takan tafi da exactly. Wannan ɓangare haddacewa ne kawai, muka rubuta a allo, muka yi ta maimaitawa da baki har ya zauna.

Wani ya tambayi dalilin da ya sa Turanci ya tara kalmomi haka a kan abu guda. Amsar tana cikin tarihinsa. Same ta shigo daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, alike ma tsohuwar kalma ce ta wannan dangi. Sauran huɗun daga Latin suke, ko kai tsaye ko ta hanyar Faransanci, wanda ya zama harshen fada da kotu a Ingila bayan mamayar Normandawa, mutanen arewacin Faransa, a 1066. Har yau ana jin wannan a nauyinsu. Same da alike na hira ne, identical da equivalent kuwa sun fi zama a takardar ofis, ta likita da ta lauya.

Yaran JAMB na ware musu zama na musamman. A cikin tambayoyi 180 na jarrabawar, 60 na Turanci ne, kuma akwai sashen da ake neman kalmar da ta fi kusa a ma'ana. Na sa su lura da umarnin kansa: nearest in meaning. Mai tambayar bai yi alkawarin kalmar da ta yi daidai ɗari bisa ɗari ba, wadda ta fi kusa a cikin wannan jimlar yake nema. Muka riƙa cire kalmar da aka ja wa layi, mu saka zaɓi huɗun ɗaya bayan ɗaya, mu yi tambayoyinmu: abu nawa, akwai bambanci, me ake aunawa, wa ya ce ya isa. Na kuma ja kunnensu game da lissafi, domin a can similar tana da ma'ana tsayayya da ba ta yarda da “kusan”. Alwatika biyu similar ne in kusurwoyinsu daidai suke kuma gefunansu na tafiya a kan rabo guda, ko da ɗaya ta fi ɗaya girma. In girman ma daidai ne, har za ka ɗora ɗaya a kan ɗaya su rufe juna, congruent ake cewa. Haka 1/2 da 2/4, a littafin lissafi equivalent fractions ne, ƙimar guda, rubutun daban. Wasu kalmomin na nesa kaɗan, irin su comparable, uniform da tantamount, na ambace su a gurguje na ce za mu dawo kansu.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya rubuta takarda ta gaske da zai iya amfani da ita a wurin aikinsa, ya kawo mu karanta tare. Alhaji ya rubuta saƙon oda, ya ce kayan su zama identical to the sample, in kuma babu, a turo masa hoto kafin a ɗora similar a mota. Ma'aikaciyar jinyar ta rubuta 'yar takardar da za a ba majinyaci in maganin da likita ya rubuta ya ƙare aka ba shi makwafinsa. Dattijon ƙaramar hukuma ya kawo wasiƙar ofis, kuma a cikinta muka ci karo da wani amfani na same da ba mu taɓa ba. Ya rubuta cewa an aiko da fayil, “and I have forwarded same to the chairman”. Ya ce haka ya tarar ana rubutawa tun ranar da ya kama aiki.

Na gaya masa ba kuskure ba ne. Tsohon salon wasiƙun kasuwanci da na lauyoyi ne na Ingila, inda same ke tsayawa a matsayin wakilin suna, kuma ya zauna daram a ofisoshinmu, ko da yake masu koyar da rubutu a can sun daɗe suna hana shi. A wasiƙar ofis babu wanda zai tuhume shi. Amma na roƙi yaran da kada su kai shi ɗakin jarrabawa, su rubuta it ko them. Dattijon ya ce shi kam ya kusa ritaya, zai ci gaba da nasa, amma ya ciro biro ya rubuta it a saman kalmar, ya ce zai nuna wa yaran ofis ɗinsu masu tasowa.